Inda Gyaɗa Ke Zama Mai: Ziyarar Iyali a Birnin Shehun Borno

Hutun makaranta na ƙarshen shekara ne ya kai ni Maiduguri tare da iyalina. Yayan uwargida, wanda ke koyarwa a wata sakandare a can, ya daɗe yana yi mana gorin cewa tsoron hanya ya sa mun yanke zumunci. Da gorin ya ishe mu, sai muka ɗaura niyya.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, domin duk mai bin wannan hanya ta kusan kilomita 600 ya san ƙa'idarta: a yi sammako, a ratsa Wudil da Azare da Potiskum ba tare da dogon zango ba, a bar Damaturu rana na tsaka, a shiga Maiduguri kafin sojoji su rufe hanya da yamma. Daga Damaturu zuwa gaba hira ta ragu a cikin mota. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno: garuruwa ne da na sha rubuta sunayensu a labaran da ba su da daɗin karantawa, yau ga ni ina ratsa su da 'ya'yana a kujerar baya. Abin da idona ya gani shi ne shingayen sojoji, da ramukan tsaro da aka haƙa a gefen garuruwa, da sababbin gidaje masu fenti iri ɗaya da aka gina wa waɗanda suka koma garuruwansu, da mata a bakin titi suna talla kamar ko'ina. Muka shiga ta ƙofar Njimtilo ana kiran la'asar.

Maiduguri gari ne mai inuwa. Itatuwan darbejiya sun jeru a gefen manyan titunansa, Keke Napep kuma ta cika ko'ina tun da aka hana hawa babur a 2011. A kwanakin farko mun yi abin da kowane baƙo ke yi. Mun je ƙofar fadar Shehun Borno a Shehuri, unguwar da ta samo asali tun 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya kawo gadon sarauta Yerwa, wato Maiduguri. Mun shiga Kasuwar Monday, wadda aka sake ginawa bayan gobarar Fabrairun 2023, inda uwargida ta ɓata mana rabin yini a layin masu turaren wuta da humra. Yara sun so zuwa gidan namun daji na Sanda Kyarimi, amma da kawunsu ya gaya musu cewa ambaliyar Satumbar 2024 ta kashe mafi yawan dabbobin, sai jikinsu ya yi sanyi.

Kwalba biyu a kan tabarma

Wani dare ne, muna cin burabisko da miyar taushe, maganar mai ta taso. Cikin tsarabar da muka kawo wa surukata akwai 'yar kwalbar man zaitun, irin wanda ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, domin tana shafa shi a gwiwa. A gefensa kuma ga wata kwalbar ruwan roba cike da man gyaɗa, wanda matar Yaya ta yayyafa a kan burabiskon. Ƙamshinsa ya cika ɗakin har uwargida ta kasa yin shiru.

"Anti, wannan man a ina kike samunsa? Mu a Kano sai mu soya abu har ya ƙone ba mu ji ƙamshin gyaɗa ba."

"Nan bayanmu ake matsarsa," in ji ta. "Jiya-jiya aka tatso shi."

Yaya ya ɗaga kwalaben biyu ya juya wajen yara. "To, ku 'yan boko, wannan daga ina yake fitowa, wannan kuma daga ina?"

Babbar 'yata ta ce na zaitun daga Makka. Autanmu ya yi nazari, sannan ya ce na gyaɗa daga jarka. Aka bushe da dariya, amma Yaya bai yi ba. Malamin makaranta ne, kuma a ganinsa amsar yaron laifinmu ne mu iyaye. Nan take ya yanke cewa gobe da safe za mu je inda ake matsar mai.

Kafin a kwanta na yi wa babbar gyara. Yawancin man zaitun da alhazai ke sayowa a Saudiyya ma shigo da shi ake yi. Tushensa ƙasashen gefen Tekun Bahar Rum ne: Sifaniya, wadda ita kaɗai kan samar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na man zaitun ɗin duniya, sai Italiya da Girka da Turkiyya, a Afirka kuma Tunisiya da Maroko. Itacen yana son sanyin hunturu mai tsawo kafin ya yi fure sosai, shi ya sa bai zama amfanin gonarmu ba. Mu abin da Allah ya ba mu shi ne gyaɗa da riɗi da auduga da aduwa. Ita kanta gyaɗar baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, amma ta zauna har ta zama 'yar gida.

Gidan inji

Da hantsi muka cika Keke Napep biyu. Sanyin hunturu bai gama sakin gari ba, hazo ya rufe rana. Muka bar kwalta muka shiga wani lungu mai yashi a wajajen hanyar Baga. Tun kafin mu ga gidan hanci ya sanar da mu mun iso: ƙamshin gyaɗa mai soyuwa gauraye da hayaƙin itace da na baƙin mai.

Babu allo a ƙofa, babu mai gadi. Fili ne mai katangar bulo, da rumfar kwano doguwa a gefe ɗaya, da ɗakin ajiya a ɗaya gefen. Mai gidan dattijo ne mai furfura a gemu, da hula zanna a kansa, rigarsa duk tabon mai. Yaya ya gaishe shi da Kanuri, suka daɗe suna "wushe, wushe", sannan ya juyo gare ni da Hausa.

"Malam, an ce kai ɗan jarida ne. Ba ka zo da masu haraji ba dai ko?"

"Alhaji, da masu cin ƙuli na zo," na ce, ina nuna yara.

"To, waɗannan sun fi masu haraji ɓarna. Bismillah."

Ya fara da mu daga ɗakin ajiya, inda buhunan gyaɗa ɓararriya ke jere a kan katako don kada su taɓa ƙasa. Ya soka hannu cikin wani buhu, ya ɗebo, ya murza tsaba ɗaya tsakanin yatsu, ya sa a baki ya tauna. Ya ce da haƙori ake sayen gyaɗa: idan ta yi ƙaras, ta bushe, idan ta yi danƙo, akwai sauran ruwa a jikinta, kuma wanda ya saye ta ya sayi ruwa da kuɗin mai. Yawancin kayansa daga kudancin Borno suke zuwa, wajajen Biu da Askira da Damboa, wani lokaci daga Mubi ko Gombe. Da kaka ake cika ɗaki, lokacin da take araha. Wanda ba shi da jarin da zai ajiye, da bazara sai ya saya da tsada ko ya kashe inji.

A bakin ɗakin wasu 'yan mata uku na zaune a kan tabarma da farantai a cinya, suna tsince tsakuwa da ruɓaɓɓiyar tsaba. Alhaji ya ce tsakuwa ɗaya kan iya cinye haƙoran inji. Ruɓaɓɓiyar kuwa illarta ta fi haka, kuma zan dawo kanta.

Aikin gidan kashi biyu ne. Ɓangare ɗaya na Alhaji ne, inda babban inji ke matsar mai don 'yan sari. Ɗaya ɓangaren na mata ne masu ƙuli-ƙuli, waɗanda ke kawo gyaɗarsu su biya kuɗin niƙa, sauran aikin su yi da hannunsu.

Babban injin wani dogon bututun ƙarfe ne kwance, da mazurari a samansa. Wani tsohon injin dizal ne ke juya shi ta hanyar bel mai faɗi da ke ta faɗa-faɗa, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Wani saurayi da ya rufe hanci da ƙyalle yana tsaye a kan benci yana juye gyaɗar da aka ɗan ɗumama cikin mazurarin. A cikin bututun akwai ƙarfe mai murɗe da ke tura gyaɗar gaba, hanya kuma tana ƙara matsewa, har tsabar ta rasa inda za ta bi ta saki manta. Man yana tsattsafowa ta tsagogin ƙarfen, launin ƙasa-ƙasa, da kumfa, ya bi kwararo ya zuba a rabin ganga. Daga bakin bututun kuma tunkuzar ke faɗowa, busasshiya, a lanƙwashe, tana tururi. Autanmu ya kai hannu ya ɗauki ɓallin ɗaya, ya yar da sauri yana yarfe yatsu. Saurayin ya yi dariya ta cikin ƙyallensa.

Daga gangar, famfo ke tura man zuwa matata: jerin farantan ƙarfe da aka matse da juna, da ƙyalle mai kauri tsakanin kowane biyu. Man ya shiga da duhu, ya fito ta ƙananan famfuna garau, launin zuma. Alhaji ya tara kofin gilashi ya ɗaga shi wajen haske ya miƙa wa uwargida. Ta shinshina, ta ɗan lasa, ta kaɗa kai.

Kusan rabin nauyin tsabar gyaɗa mai ne. Wannan inji ba ya fitar da shi duka, amma ya fi hannu nesa ba kusa ba. Tunkuzar da ya bari ta bushe da yawa, ba ta yin ƙuli mai daɗi, don haka masu kiwon kaji da masu haɗa abincin dabbobi ne ke saye a buhu-buhu. Manyan kamfanoni irin na Sharada da Bompai a Kano su kan sake wanke irin wannan tunkuza da sinadari su tsamo ɗan man da ya rage.

Hannun Hajja

Inda na fi daɗewa shi ne ɓangaren mata. Sun kai goma sha, wasu da goyo, kowace da bahonta. A can gefe ana suyar gyaɗa a cikin rabin ganga da aka ɗora a kan murhu, da yashi a ciki don zafi ya ratsa ko'ina daidai. Idan ta soyu a baza ta ta huce, a murje ta, a bakace jar fatar ta tashi, sannan a kai injin niƙa ya mayar da ita ƙulli mai kauri.

Wata dattijuwa da kowa ke kira Hajja ta jawo babbar 'yata ta zaunar da ita kusa da turmi.

"Zo nan, jikata. Uwarki ta koya miki wannan?"

"A'a, Hajja."

"Ita ma ba ta iya ba, ga hannunta nan sumul." Uwargida ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Hajja ta juye ƙullin a turmi, ta kama taɓarya da hannu biyu ta fara juyawa, ba daka ba, juyi a hankali kamar mai tuƙin tuwo. Kusa da ƙafarta akwai tukunyar ruwan zafi da ɗan moɗa. Ta ɗebo kaɗan ta yayyafa, ta ci gaba da juyi. Da farko babu abin da ya canza. Ta ƙara ruwa. Ƙullin ya fara tauri, ya daina manne wa jikin turmi, launinsa ya ƙara duhu, juyin ya yi nauyi har jijiyoyin hannunta suka fito. Sai ga wani sheƙi a samansa. Kafin a ce haka, mai ya fara taruwa a ramin da taɓarya ta bari, ya cika shi, ya malalo gefe. 'Yata ta yi ƙara: "Abba, ga shi nan yana fitowa!"

Sirrin aikin yana cikin ruwan nan. Ƙullin yana shan ruwa ya ƙanƙame jikinsa, mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya ware. Idan ruwa ya yi kaɗan, man ya ƙi fita. Idan ya yi yawa, ƙullin ya saki, an yi asarar gyaɗar gaba ɗaya. Na tambayi Hajja yadda take gane ma'auni.

"Ɗana, hannu ne ke ji. Tun ina 'yar shekara tara nake yi."

Ta kwashe man da ludayi, ta ɗebi tunkuzar dunƙule-dunƙule ta matse a kan wani allo mai gangare har ɗigon ƙarshe. Sauran matan suka sa gishiri da ɗan yaji, wasu sukari, suka shiga mulmulawa: wannan zobe, wannan sanda, wannan faifai-faifai. Aka zuba a kasko, aka soya ƙulin a cikin man da ya fito daga jikinsa. A nan ma wani man ke ƙara fita, shi ya sa kaskon ke ƙaruwa maimakon ya ragu. Wannan soyayyen man, mai ɗan ja, shi ne wanda ƙamshinsa ya tayar mana da magana a daren jiya.

Hajja ba 'yar Maiduguri ba ce. Daga wani ƙauye na wajajen Bama ta gudo a 2014, shekarar da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram. Ta yi zaman sansani, ta gaji da jiran rabon abinci, ta ranci kuɗin kwano biyu na gyaɗa ta koma sana'ar da ta gada. Da ita take ciyar da jikoki marayu. Da na tambaye ta riba, sai ta ba ni amsar da na ji daga bakin kowace mace a rumfar: mai yana mayar da uwar kuɗi, ƙuli shi ne riba. Wato idan ta sayar da man duka, kuɗin gyaɗa da itace da niƙa kawai ta mayar. Abin da za a ci a gida yana cikin ƙulin. Ranar da ƙuli ya yi kwantai, ranar aikin banza aka yi.

Kuma ƙuli ba ya rasa masu nema. Mai tsire na buƙatarsa don yaji, mai kilishi na buƙatar tunkuza don labu, mai kwaɗon zogale da rama na jiransa, ɗan makarantar kwana kuma ba ya rufe akwati sai da shi da garin kwaki. Ɓawon gyaɗar ana shimfiɗa wa kaji ko a hura wuta da shi, harawa kuma tun a gona masu kiwo suka saye. Babu abin da ake zubarwa.

Layin dogo da gyaɗa ta jawo

Da aka kashe inji don sallar azahar, muka zauna da Alhaji a inuwar darbejiya, aka kawo shayi. Ya ce mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, buhunan gyaɗa ya yi ta ɗauka har bayansa ya ranƙwafa.

Tarihin da ke bayan wannan magana sananne ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa. Dalar gyaɗa, wadda sunan Alhassan Dantata ya shahara da ita, takan ɗauki buhu har 15,000 guda ɗaya. Borno na noma gyaɗa, amma nisa ya hana ta cin moriyar kasuwar sosai, domin sai an yi doguwar tafiya da kaya zuwa tashar Nguru ko Jos. Don haka a 1958 Najeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, don aikin jirgin ƙasa, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964. A shekarun nan Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Layin bai yi shekara goma yana cin kasuwa ba abubuwa suka juya. Farin farkon shekarun 1970 ya zo, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Dala ta ɓace, jirgi ya yi ta raguwa har ya daina zuwa. Da muka bi ta wajen tashar a hanyar komawa gida, awaki ne ke kiwo a tsakanin ƙarafan.

Mutane da yawa daga nan suke rufe labarin, su ce gyaɗa ta mutu. Abin da na gani a lungun nan ya nuna mini ba haka ba ne. Har yau Najeriya na cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, bayan Sin da Indiya. Bambancin shi ne a da ana loda ta a jirgi a kai wa masana'antun Ingila da Faransa, yau kuwa mu muke cinye abarmu. Sana'ar ta tashi daga hannun hukuma da manyan kamfanoni ta koma hannun irin su Alhaji da Hajja, waɗanda babu sunansu a kowane kundin gwamnati.

Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya

Na farko wuta. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara, suka sake fasawa. Maiduguri ta daɗe a cikin duhu, har sai da aka gina tashar gas mai megawat 50 da aka ƙaddamar a Maris 2023. Alhaji ya ce a wancan lokacin ne ya jingine injinsa mai aiki da lantarki ya sayo tsohon na dizal, kuma har yau bai yarda ya rabu da shi ba. "Wutar tana zuwa," in ji shi, "amma gyaɗa idan ta shiga inji ba ta jiran a dawo da wuta. Ta huce a ciki, sai an kwance ƙarfe." Kuɗin dizal kuwa shi ke cinye abin da zai ajiye.

Na biyu ruwa. A daren 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga gari, ya mamaye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Gidan injin bai nutse ba, amma Alhaji yana da kaya a wani shago a cikin gari. Da ruwa ya janye ya je ya tarar gyaɗar ta tsira a cikin buhu, saiwoyi sun huda algarara sun fito. Mata da dama a rumfar sun rasa baho da kasko da ɗan jarinsu a dare ɗaya, babu inshora, babu banki.

Na uku gona. Manomi ba ya nisa da gari sai da fargaba. Kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020 yana nan a zukatan mutane. Duk gonar da aka bari saboda tsoro, ana jin ta a farashin buhu.

Na huɗu kasuwa. Yawancin abin da ake aunawa a kwalba a kasuwanninmu da sunan man gyaɗa, tataccen man kwakwar manja ne, wanda ya fi araha. Wasu 'yan sari kuma sukan haɗa biyun, su zuba na gyaɗa kaɗan don ƙamshi. Mai matsar na gaskiya ba zai iya karya farashi ya kamo su ba. Hajja ta koya wa uwargida gwaji: a ɗiga a tafin hannu a murza har ya ɗumama, a shinshina. Na gyaɗa ƙamshinsa na daɗewa, na haɗi nan da nan yake gushewa.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa ko da ba zai yi wa masu sana'ar daɗi ba. Ruɓaɓɓiyar tsabar da 'yan matan nan ke tsincewa tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda wani nau'in fumfuna ke haifarwa idan gyaɗa ta sha fari a gona ko aka ajiye ta da danshi. Suya ba ta kashe ta, kuma ta fi taruwa a tunkuza da ƙuli fiye da mai. Likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tauye girman yara. Na tambayi inda ake kai tsintuwar. Wata ta ce ana zubarwa, wata ta yi shiru. Macen da ribarta ba ta wuce ƙuli ba, zubar da kwano guda na gyaɗa ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Maganin yana nan: cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya kuma ta fitar da irin gyaɗa kamar SAMNUT 24 a 2011, mai nuna da wuri, mai jure kuturta. Babu ko ɗaya daga cikin matan rumfar da ta taɓa jin sunayensu. Haka nan dokar da ta wajabta sa sinadarin bitamin A a man girki, a manyan kamfanoni take tsayawa.

Bari mu koma kan man zaitun. A lardin Jaen na Andalus, cibiyar zaitun ta Sifaniya, gidajen matsar mai na karɓar baƙi da kuɗi. Ana zagayawa da iyalai a nuna musu yadda ake niƙa 'ya'yan zaitun da ƙwallonsu, a juya ƙullin ba tare da zafinsa ya wuce digiri 27 ba, a ware man da inji mai juyawa, sannan a ba su burodi su dangwala. Kwalbar na fita da sunan gari da shekarar girbi, farashinta kuma ya ninka. Aikin da Hajja ke yi da taɓarya bai gaza nasu hikima ba. Abin da suka fi mu shi ne tsafta, da awo, da kwalba mai suna, da hukumar da ke hukunta mai algus.

Mun fito daga gidan injin Alhaji da jarka ɗaya ta mai da leda cike da ƙuli mai sukari, wanda bai kai Damaturu ba a hanyar dawowa. Alhaji ya ƙi karɓar kuɗin ƙulin, ya ce na jikokinsa ne.

Kirana ga gwamnatin Borno da ƙungiyoyin agajin da suka cika Maiduguri shi ne su leƙa waɗannan rumfuna. Matan nan ba rabon shinkafa suke nema ba. Wuta tsayayya ko ta hasken rana, da rancen da zai ba su damar sayen gyaɗa da kaka, da injin juya tunkuza, da malamin gona da zai koya musu raba tsaba mai guba da mai kyau, sun ishe su su tsaya da ƙafafunsu. Kai kuma mai karatu, akwai irin wannan gidan inji a garinku, wataƙila a bayan layinku. Idan hutu ya zo, ka kama hannun yaranka ka kai su, ka sayi man daga hannun wadda ta matse shi, kuma kada ka nemi ragi.